Yarona yana kauce wa ƙwallon ƙasa a besbol, ya zan yi da shi?

"Salamu alaikum Koci. Ni mazaunin Bronx ne a New York, yarona shekararsa 11, yana buga besbol a Little League, gasar yara ta unguwarmu, kuma a shotstop aka sa shi. Bara ƙwallo ta tashi ta fasa masa leɓe, tun daga nan in aka bugo ta ƙasa sai ya kawar da fuska ya miƙe tsaye, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. Ta sama kam yana cafewa lafiya lau. Yanzu kocinsu na maganar mayar da shi can bayan fili, jiya ma da kuka ya dawo gida. Ni ƙwallon ƙafa na sani, wannan wasan ban san kansa ba. Me zan iya yi masa a gida?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. In na fahimce ka daidai yaron ba shi da matsalar hannu tunda ta sama yana cafewa, matsalar ita ce wadda ke gangarowa tana tsalle-tsalle a ƙasa, ya ji ciwo sau ɗaya yanzu jikinsa na gudunta tun kafin ma ya yi tunani. To bari in fara da abin da nake gaya wa duk uban da ya zo min da irin wannan maganar a filin da nake koyar da yara, don Allah kar ka yi masa faɗa a kan tsoro. Irin su "kai tsaya mana, kai ba namiji ba ne?" ba sa gyara komai wallahi, sai ma su ƙara masa tsoro na biyu, tsoron ka. Yaron yana da gaskiya. Ƙwallon besbol nauyinta gram 142 zuwa 149 ne, an naɗe ta da zare tam an rufe da fata, duk wanda ta taɓa samu a leɓe ba sai an yi masa bayani ba. Abin da za mu bi shi ne dalilin da ya sa ta same shi a fuska tun farko, kuma a iya abin da na gani dalilin nan kusan kullum a ƙafa yake, ba a hannu ba. Da ƙafa ake kama ƙwallon ƙasa, hannu ƙarasawa kawai yake yi.

Tunda ka ce ba ka san kan wasan ba, bari in ɗan zana maka aikin da aka ba shi. A filin manya tsakanin bes da bes, wato wuraren da mai bugu ke gudu daga wannan zuwa wancan, ƙafa 90 ne, wajen mita 27, a Little League kuma ƙafa 60, wajen mita 18. Mutum huɗu ne ke tsaron cikin fili, na bes na ɗaya, na biyu, na uku, sai shotstop da ke tsayawa tsakanin na biyu da na uku. In mai bugu ya doko ƙwallo ta ƙasa sai ya yar da sanda ya sheƙa zuwa bes na ɗaya, aikin yaronka ya ɗauke ta ya jefa can kafin wancan ya isa, in ƙwallo ta riga shi an fitar da shi kenan. A wajen ƙwararru sakan huɗu da ɗan wani abu ne mai gudun ke yi, a wajen yara ma kusan haka ne tunda filin ya fi gajarta. Cikin wannan sakan huɗun ne ƙwallo za ta iso, a kama, a fitar da ita daga safar hannu, a jefa ta isa. Kuma saboda yawancin masu bugu na dama ne, ƙwallonsu ta ƙasa ta fi zuwa ɓangaren shotstop, shi ya sa kociyoyi ke sa yaron da suka fi yarda da shi a wurin. Ka ga kenan tun farko kocin ya ga wani abu a tare da yaronka.

Tsallen ƙwallo iri uku ne

Nan ne zuciyar maganar, in ka gane wannan ka gane rabin aikin. Ƙwallon da ke zuwa tana dukan ƙasa tana tashi, wuri uku za ka iya haɗuwa da ita. Akwai dogon tsalle, wato ta daki ƙasa can nesa da kai ta tashi ta kai ƙololuwa ta fara saukowa, wannan mai sauƙi ce, ido ya ga duk tafiyarta. Akwai gajeren tsalle, wato ka tare ta daidai lokacin da ta daki ƙasa, ba ta tashi ko taƙi ɗaya ba safar hannu ta rufe ta, ita ma mai sauƙi ce duk da a ido ta fi ban tsoro, domin ko ta so karkata ba ta da sararin yi. Sai ta uku, ta tsaka-tsaki, ta daki ƙasa kamar taku ɗaya ko biyu a gabanka tana kan tashi ta iso ka, ba ka san ko a gwiwa za ta zo ba ko a ƙirji ko a haɓa. Tunda kai ɗan ƙwallon ƙafa ne ka san yadda gola ke tsanar shot ɗin da ya daki ƙasa dab da shi ya tashi, to ita ce wannan. Ina da yaƙinin ita ce ta fasa wa yaronka baki.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ba ƙwallo ce ya kamata ta zaɓi inda za ku haɗu ba, ɗan wasa ne ke zaɓa. In ya ga za ta zo masa a tsaka-tsaki sai ya ƙara taku ɗaya gaba ta koma gajere, ko ya ja rabin taku baya ta koma dogo. Yaron da ya kafe ƙafafunsa wuri ɗaya yana jira kuwa ya bar wa ƙwallo zaɓi, duk yadda ta ga dama haka za ta zo masa. To ga yadda abin ke cin kansa: ta buge shi, ya ji tsoro, tsoro ya sa ya daina matsowa ya koma kan dugadugansa yana jira, jiran ya sa ya fi samun ta tsaka-tsaki, ita kuma ta sake razana shi. Miƙewar da ka ga yana yi ƙoƙari ne na nisanta fuska da ƙwallo, amma da ya miƙe safar hannu ta bar ƙasa, ƙofa ta buɗe a tsakanin ƙafafu, sannan daga tsaye ido na kallon ƙwallon daga sama ne, ba ya iya auna tsayin tsallenta. Wanda ya yi ƙasa sosai idonsa kusa da layin ƙwallon shi ya fi ganin ta, shi ya fi tsira da fuskarsa.

Ba zan ce maka in an yi komai daidai ba za ta taɓa bugun mutum ba. A wasa na bakwai na World Series, wato gasar ƙarshe ta cin kofin manyan lig na besbol, a 1960, a Pittsburgh, ƙwallon ƙasa ta yi mummunan tashi ta sami Tony Kubek, shotstop na Yankees ɗinku na Bronx, a maƙogwaro, sai asibiti aka wuce da shi. Ƙwararre ne fa. Tsakuwa ɗaya ko ɗan tudun da ke bakin ciyawa inda ta haɗu da jar ƙasa ya isa ya canza wa ƙwallo hanya. Shi ya sa nake sa yarana kafin a fara wasa kowa ya zaga wurin tsayuwarsa ya tsince duwatsu ya share ramukan takalmi da ƙafa, haka ma tsakanin zagaye da zagaye, wato duk lokacin da suka dawo tsaron fili. Su kuma san irin filin da suke kai, ciyawar roba da ke filaye da yawa a New York gudu gare ta amma tsallenta na gaskiya ne, doguwar ciyawa na rage gudu, ciyawa mai raɓa da safe kuma ƙwallo sulɓewa take ba ta tashi sosai.

Ƙafa tukuna

Zan ɗauka da hannun dama yake jifa, safa a hagu, tunda ba a cika sa bahago a shotstop ba. Abu na farko tun kafin a bugo ne. Lokacin da mai jifa wa mai bugu ya saki ƙwallo, yaro ya yi ɗan taku biyu gaba, dama, hagu, ko ɗan tsalle ƙarami, yadda daidai lokacin da ƙwallo ta isa wajen mai bugu zai kasance a kan gaban tafin ƙafarsa, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a gaba ba a dafe da gwiwa ba. Kowace jifa sai ya yi haka ko da ba wajensa za a bugo ba. Yara da yawa matsalarsu ta ƙare daga nan kawai, domin jikin da ke cikin motsi ba ya daskarewa.

Na biyu, kar ya nufi ƙwallon kai tsaye hanci da hanci. Ya ɗan zagaya ta ɓangaren damansa kaɗan, saboda abu biyu. Daga gefe ido ya fi ganin tsayin tsalle fiye da in tana zuwa maka saitin fuska, sannan bes na ɗaya a hagunsa yake, in ya shigo daga dama nauyin jikinsa na tafiya inda zai yi jifa. Takun farko manya da sauri, da ya kusa sai ya rage su su zama ƙanana yana sauke jiki a hankali, ba wai ya zo a tsaye ya faɗo ƙasa lokaci ɗaya ba. Sai takun kamawa, ƙafar dama ta sauka, ta hagu ta sauka daidai lokacin da ƙwallo ke shiga safa. Ƙafafu a buɗe fiye da faɗin kafaɗa, gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya tura baya, baya a shimfiɗe, safa can gaba yadda ƙafafu biyu da safar za su yi kusurwa uku, ƙwallon kuma ta ɗan fi kusa da ɓangaren hagu. Daga nan dama ta tako gaba, hagu ta nufi bes na ɗaya, jifa. Dama hagu kama, dama hagu jefa, haka nake sa su rerawa da baki har ya zauna.

Ita safar, yatsu su kalli ƙasa, tafi ya kalli ƙwallo, ta fara daga ƙasa ta taso sama in buƙata ta kama. Ɗaga hannu ya fi sauke shi sauri, wanda ya fara daga sama yana kai wa ƙwallo sara kullum a makare yake. In kana so ka san ko ya kalli ƙwallon har ta shiga, tsaya a gabansa ka duba hular hana-sallarsa, akwai ɗan maɓalli a tsakiyar kai, lokacin kamawa ya kamata ka ga wannan maɓallin. In haɓarsa ka gani ko kunnensa, ya kawar da kai. Ka duba safar ma kanta, iyaye da yawa na sayo babba wai yaro zai girma da ita, ga ta sabuwa ƙandas ba ta rufuwa. Ɗan shekara 11 a cikin fili inci 11 zuwa 11 da rabi ta ishe shi, kuma ta yi laushin da zai iya rufe ta da hannunsa ba wahala.

Akwai inda kociyoyi suka rabu, gara ka sani don kar ka ji wata magana daban a fili ka rikice. Wasu na koyar da a janyo ƙwallo zuwa cibiya da hannu biyu a tausashe, wasu na cewa a tura safa gaba a ratsa ta cikin ƙwallon. Ni dai duka biyun nake koyarwa, dogon tsalle a janyo, gajere a tura gaba a danne shi tun bai tashi ba. Haka maganar hannu ɗaya ko biyu. A Japan an daɗe ana horar da yara su sa jiki a gaban ƙwallo su kama da hannu biyu, su kuma ƴan Jamhuriyar Dominika da Venezuela an san su da sakin jiki da kamun hannu ɗaya a guje, garin San Pedro de Macorís ma suna ya yi wajen fitar da ƴan shotstop irin su Tony Fernández. Ra'ayina, in ƙwallo ta zo tsakanin ƙafafu hannu biyu, na dama a saman safa a buɗe, yatsu sama ba suna nuna ƙwallo ba don kar ta targaɗa su, yana rufewa kuma yana tare wadda ta tashi kafin ta kai fuska. In ta fita gefe hannu ɗaya, domin mai kai hannu biyu gefe ba ya miƙa nisa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne tsohuwar maganar nan ta "tare da ƙirjinka" ga yaron da ya riga ya razana. Ba ka ce wa mai tsoron duka gyaran shi ne ya ƙara shan duka.

Abin da za ku yi a gida

Ajiye ƙwallon besbol tukuna, ajiye safar ma. Samo ƙwallon tanis. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a kafet ko ciyawa, kai ma ka durƙusa kamar taku huɗu a gabansa, ka riƙa jefo masa a hankali tana dukan ƙasa dab da hannunsa, gajeren tsalle kenan, yana kamawa da hannun hagu tsirara. Goma ta tsakiya, goma ta hagunsa, goma ta damansa inda zai juya hannu babban yatsa ya kalli ƙasa. Durƙuson ya cire ƙafa daga lissafi, ido ya sauko kusa da ƙwallo, kuma ko ta same shi a fuska dariya zai yi. Kar ka ga kamar wasan yara ne. Ron Washington, wanda ana sa shi cikin manyan masu koyar da tsaron cikin fili a Amurka, da irin wannan durƙuson yake fara wa ƙwararru aiki kullum kafin wasa. A 2015 Marcus Semien ya yi kuskure 35 a shotstop na Oakland, ba wanda ya kai shi a manyan lig a shekarar, ƙungiyar ta ɗauko Washington ya zauna da shi suna wannan aikin, a 2021 Semien ya ci kyautar Gold Glove ta gwanin tsaron fili a bes na biyu yana Toronto.

In hannu ya saba, sai ya miƙe ya yi tsayuwar da na faɗa, ka riƙa gangaro masa a ƙasa ba tsalle, shi kuma yana dama hagu kama. Sannan ka fara jefowa tana tsalle daga nesa, ka sa shi ya riƙa ƙirga tsallen da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. Wannan ƙirgar na fi son ta a kan duk wata dabara, domin bakin da ke ƙirga idonsa na kan ƙwallo, kuma kan da ya shagala da lissafi ba shi da sararin tuna leɓe. Na sha ganin yaron da ke runtse ido, ana sa shi ƙirga sai ka ga da kansa ya ƙara taku gaba don ya cafe a na biyu kafin ta yi na uku, bai ma san ya yi ba. Bayan kowace ɗaya ka tambaye shi, wannan doguwa ce, gajeriya ko ta tsakiya? Ko ya kama, in ta tsakiya ce ka ce to da ina za ka matsa? Ko ta kuɓuce, in ya matso ya same ta a gajere ka yaba masa, don abin da muke nema kenan yanzu.

Ku kuma a Bronx Allah ya hutar da ku, wuraren shaƙatawa da yawa na da bangon handbol, wasan da ake buga ƙwallo da hannu a jikin bango. Yaro da ƙwallon roba da bango, yana jefawa tana dawowa yana tarba, cikin minti goma sha biyar zai kama abin da ba zai samu a tirenin ɗin mako guda ba, domin a tirenin yara goma sha biyu ne ke layi kowa na jiran a bugo masa ɗaya. Daga tanis ku koma ƙwallon nan mai taushi da ake yi wa ƙananan yara, sannan ta gaske ana gangarowa da hannu, sannan ta gaske da sanda a hankali. Kar ku tsallake mataki, in ka ga ya koma kawar da kai ku dawo na baya ba tare da surutu ba. Kaɗan kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, kuma ku tashi tun yana jin daɗi. Ka saya masa robar kare haƙora da abin kare gaba da ake sawa cikin wando, akwai ma abin rufe fuska na masu tsaron cikin fili, ƴan softbol, wasan nan mai kama da besbol, sun fi sa shi amma in zai ba shi natsuwa na ɗan lokaci ni ban ga aibu ba.

Maganar mayar da shi baya

Kar ka ɗauki wannan a matsayin hukunci, kuma kar ka je wa kocin da zafi, yawancinsu iyaye ne ƴan sa kai. Ka same shi bayan tirenin ka gaya masa kuna aiki a gida, ka tambaye shi ko zai gwada yaron a bes na biyu na ɗan lokaci. A can jifar gajeriya ce, ko ƙwallo ta faɗi daga safa yana da lokacin ɗauka ya fitar da mutum, wannan kaɗai na sauke wa yaro nauyi. In ma bayan filin ne, ba laifi ya buga wasa a can yana atisayen ƙasa a gida har ya dawo. Ka ba shi labarin Derek Jeter, na tabbata ya san sunan tunda a unguwarku ya yi shekara 20 yana tsaron wannan wurin. A 1993 yana ɗan shekara 19 a ƙaramin lig a Greensboro kuskure 56 ya yi a kaka ɗaya, kuma Yankees ba su cire shi daga shotstop ba.

Sai dai ka sani ni yara da matasa nake koyarwa, kuma ban ga yaronka ba, duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi. Akwai abubuwan da suka fi ƙarfina. In kun yi makonni kuna wannan aikin har da ƙwallon tanis ma yana kuskuren auna ta, ku je a duba idonsa, na taɓa samun yaron da ashe tabarau kawai yake buƙata. In ƙwallo ta same shi a kai ya yi jiri ko amai ko ciwon kai, ya bar fili sai likita ya gan shi. In kuma ta daki wani yaro a ƙirji ya yanke jiki ya faɗi, ba a jira, a kira 911 nan take a fara danna ƙirji a nemo na'urar farfaɗo da zuciya, abu ne da ba ya yawan faruwa amma duk uban da ke zama a bakin fili ya kamata ya san shi.

In da hali ka ɗauke shi bidiyo da waya yana kama guda biyar ko shida, ka tsaya ta gefensa ba ta gaba ba, ka tabbata ƙafafunsa sun fito tun daga takun farko har jifa, ka turo min in duba in gaya maka wanne za ku fara gyarawa.